Hukuncin karanta falsafar Girkawa a kan halitta da sammai

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a aji biyu na jami'a, kuma a wannan zangon muna da darasin tarihin kimiyya. Ana karantar da mu maganganun mutanen Girka na da: wani ya ce asalin komai ruwa ne, wani ya ce iska, Aristo kuma ya ce duniya ba ta da farko. Da na je gida hutu, Kawuna ya ga takardun a kan tabarma, ya sa na karanta masa, sai ya ce in ƙone su, wannan karatu kafirci ne. Malaminmu kuma ya ce sammai bakwai na cikin Alƙur'ani su ne falakai bakwai na Girkawa, wato da'irorin da suka ce rana da wata da wasu taurari ke kewayawa a cikinsu. Na rasa na kamawa. Ya halatta in ci gaba? In na rubuta maganar Aristo a jarrabawa, ina da laifi?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, kada ka ƙone takardun. Ka ci gaba da karatunka bisa sharaɗin da zan faɗa maka a gaba. Kawunka ba da ka ya yi magana ba, akwai manyan malamai a bayansa. Malaminku kuwa ya yi kuskure a zancen sammai, kuma gaskiya kuskurensa ya fi damuna a kan tsananin Kawu.

Abin da Girkawa suka bari kamar hatsi ne da aka sussuka ba a sheƙe ba: da tsaba, da ƙaiƙayi, da tsakuwa duk a turmi ɗaya. Haka Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ɗauke shi. A littafinsa Almunƙizu minad Dalal ya rarraba ilmominsu, lissafi daban, manɗiƙi (ilimin ƙa'idojin kafa hujja) daban, ilimin ɗabi'ar halittu daban, maganar Ubangiji daban, ya ba kowanne hukuncinsa. Tafarkin da zan bi da kai ke nan.

Tsabar ita ce abin da suka gani da ido suka auna. Aristo, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce ƙasa mulmulalliya ce, kuma ya kawo dalili: duk lokacin husufin wata, inuwar ƙasa da ke faɗawa a kan watan gefenta a lanƙwashe yake, sannan akwai taurarin da ake gani a Masar waɗanda matafiyi ke daina gani in ya yi arewa. Bayansa Eratostinis, mai kula da ɗakin littattafai na Iskandariyya, ya sami labarin cewa a Aswan akwai ranar da rana ke tsayawa tsaka har sanda ba ta yin inuwa. Ya auna inuwa a Iskandariyya a irin wannan rana, ya ga karkatar ta kai kashi 1 cikin 50 na da'ira. Tazarar garuruwan biyu sitadiya 5,000 ce a ma'auninsu, ya ninka sau 50, ya ce kewayen ƙasa sitadiya 250,000 ne. Da sanda da inuwa kawai. Kai ma a ƙasarmu sau biyu a shekara rana kan bi ta tsakar kanka. Kafa sanda a tsakar gida ka gani, irin yadda malamanmu na zaure suke auna inuwar zawali don sanin shigar azahar.

Wannan ba a haramta shi. Allah ya ce rana da wata suna tafiya da lissafi (Arrahman, aya ta 5), ya ce ya sanya wa wata masaukai domin mu san adadin shekaru da lissafi (Yunus, aya ta 5). Ibnu Hazmi ya kafa hujja da aya ta 5 a Suratuz Zumar, mai maganar naɗa dare a kan yini kamar naɗin rawani, a kan cewa ƙasa a mulmule take. Halifa Ma'amun, da ya yi mulki daga 813 zuwa 833 bayan haihuwar Annabi Isa, ya tura masana filin Sinjar su sake awon ƙasa da kansu. Da wannan ilimi ake fitar da alƙibla da lokutan salla, don haka wani ɓangarensa farali ne na kifaya.

Ina yaro, in wata ya yi zazzaɓi, mukan fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanoni muna kaɗawa, wai rana ta kama wata, sai an roƙe ta ta sake shi. Liman kuwa yana masallaci yana salla. Na girma na tarar Gazali, a gabatarwar Tahafutul Falasifa, ya yarda da bayanin Girkawa a kan husufi: ƙasa ce ke shiga tsakanin rana da wata. Ya ce wanda ya ɗauka musa wannan hidima ce ga addini ya cuci addini, domin mai lissafin da ya san ranar husufi da sa'arsa, in aka ce masa shari'a ta ƙaryata shi, ba lissafinsa zai yi shakka ba, shari'ar zai tuhuma. Annabi (SAW) ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu aka yi kusufin rana, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce mu da salla. Sanin sababi bai cire wa aya kwarjininta ba. Kuma ka lura da wani abu: Anaksagoras da ya ce rana dutse ne mai wuta, wata kuma haskensa aro ne, mutanen Atina ne suka tuhume shi da saɓa wa gumakansu har ya bar gari. Masu ɗaukar rana abin bauta ne suka fara jin haushin wannan magana.

Ƙaiƙayin shi ne kirdadonsu. Talis na Milatus ya ce asalin komai ruwa, Anaksiminis ya ce iska, Hiraklitus ya ce wuta, Empedokilis ya haɗa huɗu: ƙasa, ruwa, iska, wuta. Ka karanta a matsayin tarihi, ka wuce. Allah ya ce bai halartar da su halittar sammai da ƙasa ba (Kahfi, aya ta 51). Kada dai ka ce Talis ya dace da ayar da ta ce an yi duk abu mai rai daga ruwa. Ayar tana maganar abin da Mahalicci ya yi, shi kuwa yana neman tushen da komai ke fitowa daga gare shi ya koma.

A nan zancen malaminku ya faɗo. Batlamus, wanda ya rayu a Iskandariyya a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ajiye ƙasa a tsakiya, ya jera Wata, Uɗarid, Zahra, Rana, Mirrihu, Mushtari da Zuhal kowanne da falakinsa, sauran taurari kuma a falaki na takwas, can bayan Zuhal. Da aka fassara littafinsa Almajisɗi zuwa Larabci, wasu suka ga bakwai a nan bakwai a can, suka ɗaura musu aure. Har aka sami masu cewa falaki na tara shi ne Al'arshi, Ibnu Kasir ya mayar musu da martani a Albidaya cewa Al'arshi yana da ƙafafu, mala'iku ke ɗauke da shi. Auren bai ɗauru ba. Alƙur'ani ya ce saman kusa ce aka ƙawata da fitilu (Mulk, aya ta 5), Batlamus ya kai fitilun can ƙarshe. Hadisin Mi'iraji ya nuna sammai suna da ƙofofi da masu gadi, Aristo ya ce sama an yi ta da wani jinsi na biyar da ba ya tsagewa, ba ya lalacewa, alhali Suratul Infiɗari da tsagewar sama ta buɗe.

Sannan ginin nasu ya rushe. Ibnul Haisam ya rubuta littafi sukutum a kan shakkunsa game da Batlamus. A 1572 sabon tauraro ya bayyana a saman da aka ce ba ta canjawa. A 1610 Galileyo ya hango watanni suna kewaya Mushtari, a 1781 aka gano Uranus a bayan Zuhal. Da mun ɗaure ayar da igiyar Batlamus, me za mu ce ranar da igiyar ta tsinke? Sammai bakwai gaibi ne, mun yi imani da su yadda suka zo. Wannan gargaɗin ya shafi 'yan'uwanmu masu wa'azi ma, waɗanda duk abin da suka tsinta a intanet sai sun nemo masa aya.

Tsakuwar ita Kawunka ya tauna. Gazali ya yi jayayya da masu falsafa a mas'aloli 20, ya kafirta su a uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai a dunƙule, da musun tashin jikuna. Ta farkon maganar Aristo ce kai tsaye. Buhari ya ruwaito daga Imrana ɗan Husaini cewa Allah ya kasance babu wani abu waninsa, kuma Suratul An'am ta ce ko ganye ba ya faɗuwa sai ya sani. Wanda ya ƙudurce ɗaya daga cikin ukun ya fita Musulunci. Kusa da su akwai duba da taurari, don Batlamus ɗin nan ya rubuta littafi a kan haka ma. Manomi ya kalli Kaza da 'ya'yanta ya kintaci damina, wannan alama ce, babu laifi. Amma wanda ya ce tauraro ne ya ba da ruwa, ko ya je wajen mai duba a gaya masa taurarinsa da na yarinya sun dace, hadisin Zaidu ɗan Halid da ke Muwaɗɗa da hadisin Abu Dawuda a kan taurari da sihiri sun ishe shi tsawatarwa.

Saboda wannan tsakuwa Ibnus Salah ya yi fatawar haramta falsafa da manɗiƙi, Nawawi da Suyuɗi suka tafi a kan haramta manɗiƙi. Sai dai Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi yana kare manɗiƙi. Ibnu Rushdi, alƙalin Ƙurɗuba mai Bidayatul Mujtahid, ya ce wuƙar yanka ba a tambayar addinin mai ita in ta cika sharaɗi, haka ma manɗiƙi. Malam Ahalari, wanda duk muka fara fiƙihu da littafinsa, ya kawo saɓanin a Sullam, waƙensa na manɗiƙi, ya rinjayar da halacci ga mai lafiyayyar basira da ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Masu sharhi sun ce saɓanin a kan manɗiƙin da ya cakuɗe da maganganun masu falsafa yake, wato irin abin da ke hannunka. Ra'ayin Ahalari na ɗauka.

Sharaɗinka shi ne ka san aƙidarka kafin ka shiga maganarsu a kan Ubangiji. In ba ka taɓa karanta littafin tauhidi a gaban malami ba, ka fara a makon nan, ko da muƙaddimar Risala ce. In wata shubuha ta maƙale maka, kada ka kwana da ita, kai ta wajen malami. Wanda ya ji karatun yana girgiza masa imani kuma ba shi da mai warware masa, a kansa haramun ne ya zurfafa fiye da abin da darasi ya tilasta.

Jarrabawa kuwa babu laifi. Mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Alƙur'ani da kansa ya hakaito Fir'auna yana cewa shi ne ubangiji mafi ɗaukaka. Rubuta "Aristo ya ce", ka kawo maganarsa daidai ba ragi ba ƙari, kada ka mayar da ita taka. Malaminku ka same shi a ofis, kai kaɗai, ka nuna masa ayar Suratul Mulk cikin ladabi. Kawu kuma kada ka ja da shi a gaban mutane. Ka kai masa gaisuwata, ka karanta masa baitocin Ahalari, ka roƙe shi ya riƙa yi maka darasin tauhidin in ka je hutu.

Allah ne mafi sani.