Jirgin 1909 da har yanzu yake tashi: wa ya adana shi, kuma me ya sa ake tayar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon gyaran jirgin sama a Zariya. Na ga bidiyon wani jirgi na katako da yadi yana tashi a Ingila, aka ce tun 1909 aka ƙera shi, kuma wai wani matuƙi ne ya tara irinsu da kuɗin aljihunsa. Gaskiya ne? Ta yaya katako da yadi za su haura shekara ɗari? Sannan ba ganganci ba ne a riƙa tayar da abin da in ya faɗi ba a da madadinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gaskiya ne, ba haɗin kwamfuta ba ne. Jirgin da ka gani samfurin Blériot XI ne, yana ajiye a wani ƙauye mai suna Old Warden a yankin Bedfordshire, arewa da Landan, kuma shi ne jirgi mafi tsufa a duniya cikin waɗanda har yanzu suke barin ƙasa. Da irinsa ne Louis Blériot ya tsallake tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila ranar 25 ga Yuli, 1909, amma wancan ainihin yana gidan tarihi a Paris. Injin na Old Warden ƙirar Anzani ne mai silinda uku, ƙarfin doki wajen 25. Idan ka sake kallon bidiyon za ka lura ba ya hawa sama ya yi shawagi. Gudu yake a kan ciyawa, ya ɗaga 'yan ƙafafu, ya miƙe sambal, ya sauka tun filin bai ƙare ba. Iyakar abin da masu shi suka yarda ya yi ke nan.

Mutumin da ya fara tarin shi ne Richard Shuttleworth, wanda aka haifa a 1909, shekara ɗaya da jirgin. Ɗan masu hali ne, dukiyar gidansu daga kamfanin ƙera injunan noma na Clayton & Shuttleworth take. Da tsofaffin motoci ya fara a 1928. A 1932 ya sayi jirginsa na farko, wani ƙaramin de Havilland Moth, wanda tun daga lokacin bai sauya gida ba, yana nan a Old Warden. Gwanin tseren mota ne kuma, shi ya lashe gasar Donington ta 1935, sai mummunan haɗarin da ya yi a tsere a Afirka ta Kudu a 1936 ya raba shi da wannan harkar, ya mayar da hankalinsa kacokan kan jirage.

Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne lokacin da ya yi wannan aiki. A shekarun 1930 jirgin 1909 ba kayan tarihi ba ne a idon jama'a, tarkace ne, kowa hankalinsa na kan sabon da ya fi gudu. Shi kuwa ya riƙa bin gidaje da gonaki yana cigiya. A 1935 ya samo Blériot ɗin tare da wani Deperdussin na 1910 a hannun wani mutum a garin Ampthill. A 1938 ya samo Blackburn na 1912 a wata gona, binne a ƙarƙashin tarin ciyawa, inda aka yasar da shi tun da ya faɗi a 1914. Kuma tun farko ya kafa ƙa'idar da ake bi har gobe: duk abin da ya shigo gidan sai an gyara shi ya yi aiki.

Bai daɗe a duniya ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ya shiga rundunar sojin saman Birtaniya, ranar 2 ga Agusta, 1940 jirgin Fairey Battle da yake atisayen dare da shi ya faɗi, ya rasu yana da shekara 31, ba mata ba ɗa. A irin wannan gaɓar ce tarin mutum ɗaya yake watsewa: magada su kira 'yan gwanjo, kowane jirgi ya kama gabansa. Mahaifiyarsa Dorothy ce ta hana. A 1944 ta mayar da gidan da filayen da jiragen waƙafi da sunan ɗanta, don koyar da noma da ilimin jiragen sama, abubuwan da ya fi so. Kwalejin noma ta buɗe a gidan a 1946, aka ƙarasa gyaran Blackburn ya tashi a 1949, aka buɗe wa jama'a ƙofa a 1963. Ana yawan ambaton ɗan a manta uwar, alhali ba don takardar da ta sa wa hannu ba da ba ka ga bidiyon nan ba. Bayan haka waƙafin ya ci gaba da ƙaro jirage: na Yaƙin Duniya na Farko irin su Bristol Fighter da SE5a, da wani jan jirgin tsere samfurin Comet da ya lashe tseren Ingila zuwa Ostiraliya a 1934 cikin awa kusan 71, da na Yaƙin Duniya na Biyu irin su Spitfire da Sea Hurricane.

To, batun katako da yadi. A nan sai in faɗa maka gaskiya ƙarara: ba duk abin da ke jikin jirgin ne na 1909 ba, kuma babu mai ɓoye hakan. Yadi ba ya shekara ɗari a kan fiffike. Lilin ne ake shimfiɗawa a kan haƙarƙarin katako, a ɗinke shi da hannu, ɗinki bayan ɗinki, kowanne da ƙullinsa, ta yadda in ɗaya ya tsinke sauran ba za su warware ba. Sai a shafa masa wani ruwan sinadari shafi bayan shafi, yana bushewa yana jan yadin har ya ɗame kamar fatar ganga, ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji amo. Hasken rana na cin wannan yadi, shi ya sa a jiragen da suka biyo baya ake gauraya garin alminiyam a wasu shafe-shafen don ya kare shi. Bayan wasu shekaru dole a yaye shi gaba ɗaya a sa sabo, kuma ranar yayewar ce ranar da makaniki yake ganin cikin fiffiken tsirara, ya bi kowane katako da ido da hannu.

Katako shi yana daɗewa in an tsare shi daga laima. Abin da ya fi saurin cin amana shi ne gam. Gam ɗin wancan zamani daga fata da ƙashi ko daga madara ake yin sa, danshi na shigarsa ya saki, a waje ka ga haɗi lafiya lau, ka danna ya buɗe. Sai wayoyin ƙarfe da ke ɗaure gangar jikin da fukafukan, waɗanda tsatsa ke ci daga cikin murɗinsu, kuma kowace da gwargwadon ɗamewar da ake so. Ka ɗame ɗaya fiye da kima, fiffike ya karkace, jirgi ya riƙa ja gefe guda. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce a bar na asali muddin zai ɗauki nauyi, in ba zai ɗauka ba a sassaƙa sabo da irin itacen da irin dabarar, a rubuta a littafin jirgin, a ajiye tsohon. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Birtaniya ba ta ɗaga ƙafa don jirgi ya tsufa. Akwai takardar izinin tashi ta musamman ga irin waɗannan, kuma ana sabunta ta ne bayan bincike.

Injin ma darasi ne, musamman a gare ka. Blackburn da jirage da dama na yaƙin farko suna da injin da shi kansa yake juyawa: sandar tsakiya a kafe take a jikin jirgi, silindoji da farfela su ke wulwulawa tare. Da haka yake shan iska ya huce. Man zurma ake sa masa, don ba ya narkewa cikin fetur, kuma ba ya komawa tanki, fita yake ta salansa ya fesa wa matuƙi a fuska da tabarau. Na farko-farkon ba su da totur na kirki, ko wuta sosai ko babu, sai matuƙi ya riƙa danna wani maɓalli yana kashe wutar filogi yana kunnawa in zai sauka. Wannan ne sautin da ake ji yana yankewa yana dawowa. Babu kantin da za ka je ka sayo fistan ɗin irin wannan inji. Sai dai a auna tsohon a ƙera.

Ga shi ba birki, ba sitata, da hannu ake murɗa farfela, mutane na riƙe da wutsiya har matuƙi ya ɗaga hannu a saki. Blériot da Blackburn ba su da ƙananan faifan bakin fiffike da ka sani, fiffiken gaba ɗaya ake murɗawa da waya. Saboda haka ba a fito da su sai da yamma lis, iska ta kwanta ɗif. Sau da yawa jama'a su cika fili, a jira har magariba, iska ta ƙi kwanciya, a mayar da su rumfa.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai nauyi, kuma masana kansu ba su haɗu a kanta ba. Asarar gaskiya ce. An shafe shekara 12 ana gyaran wani Bristol Blenheim a Ingila, ya tashi a 1987, kafin wata guda ya cika da kyau ya faɗi. A 1996 jirgin Mosquito ɗaya tilo da ke tashi a duniya ya faɗi a wajen nuni kusa da Manchester, mutum biyun da ke ciki suka rasu, ba a sake ganin irinsa a sama ba sai 2012 da aka kammala wani a New Zealand. Old Warden ma ba ta tsira ba, a 2012 wani ƙaramin jirginsu na shekarun 1920 ya faɗi da ƙwararren matuƙi, ya rasa ransa. Wanda ya ce a bar su a ƙasa yana da hujja, ban raina ta ba.

Duk da haka ni ina tare da masu tayarwa, bisa sharaɗi. Jirgin da aka rataye a rufin gidan tarihi siffarsa kawai ta rage. Ba wanda zai sake buƙatar sanin yadda ake daidaita wayoyinsa, ko yadda ake jin lafiyar injinsa da kunne, ko abin da yake yi wa matuƙi in ya karya dama. Wannan sani a hannun mutane yake, daga ubangida zuwa yaro, kuma ana daina aiki da shi zai tafi tare da tsofaffin da suka iya. Tayar da jirgin ne yake tilasta a horar da sabon kafinta, sabon maɗinki, sabon makaniki. Sharaɗin kuwa shi ne wanda Old Warden ke bi da Blériot: gwargwadon ƙarancin abu, gwargwadon taƙaita masa tashi. Wanda kuma shi kaɗai ya rage kuma yana ɗauke da tarihin da ba a maimaitawa, kamar jirgin 'yan'uwan Wright na 1903 da ke Washington, wurinsa gidan tarihi, ba gardama.

Akwai wani ɓangare da ya kamata ka sani tunda kuɗi ya shiga harkar. Wani Spitfire ya faɗi a bakin tekun Calais a Faransa a 1940, yashi ya haɗiye shi, ya sake bayyana a 1980. An sake gina shi ya tashi a 2011, aka yi gwanjonsa a Landan a 2015 kan fam miliyan 3.1. Ƙarfen da ya shekara 40 a ruwan gishiri ba ya komawa sama, don haka mafi yawan jikinsa sabo ne, lambarsa da tarihinsa ne na da. Ban ga laifi ba muddin an faɗa wa mai saye da mai kallo gaskiya.

Kada ka ɗauka sai attajiri. Cole Palen a Amurka makaniki ne da ya kwashe ɗan abin da ya tara a 1951 ya sayi jirage shida na zamanin yaƙin farko da ake neman rabuwa da su, ya kafa filin Old Rhinebeck a jihar New York. Ya rasu a 1993, wurin ya ci gaba saboda shi ma an mayar da shi gidauniya. Kermit Weeks kuwa mai dukiya ne, tarinsa ya haura jirage ɗari, amma guguwar Andrew ta 1992 ta rusa masa rumfa a Miami ta lalata da dama, kuma a 2014 ya daina buɗe wurinsa na Fantasy of Flight kullum. Rumfa, inshora da albashin makanikai su ke cin mai tarin jirage, fiye da kuɗin sayen.

Wasu daga cikin irin jiragen nan sun ratsa samaniyarmu. Jiragen da suka fara sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwamba, 1925, samfurin DH.9A ne guda uku daga Masar, katako da yadi su ma, kuma akwai ɗaya irinsu a gidan tarihin sojin saman Birtaniya a Landan. Daga 1940 kuma jiragen Hurricane da Blenheim da ake haɗawa a Takoradi da ke Ghana ta yanzu, ta Kano da Maiduguri suke bi zuwa Khartum da Alkahira. In Allah Ya haɗa ka da tsohon jirgi a bayan wata rumfa a nan gida, fara da neman littafinsa da ɗan allon ƙarfen da ke ɗauke da lambarsa, ka ɗauki hoton komai kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya, sannan ka nema masa inuwa da daɓen siminti, don a wajenmu rana da gara su za su riga tsatsa gamawa da shi.