Amsa kan motar tsere da aka rage wa tsayi a Damagaram

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka ce tun da aka gajarta sifirin ɗin motarka take buga ƙasa, tayoyin gaba kuma suna cinyewa ta ciki, kana tambaya ko sauya shokazoba kaɗai zai wadatar.

A ganina ba zai wadatar ba. Shokazobar asali an ƙera ta ne daidai da tsawon sifirin na asali, saboda haka idan mota ta sauka da santimita 4 ko 5, tazarar motsinta takan ragu, ta riƙa dukan robar tsayawa (robar da ke tare ta a ƙarshen motsinta) a kowane rami har ta fara yoyon mai. Ka sayi sifirin da shokazoba waɗanda aka ƙera tare, kuma don Allah kada ka yarda a yanke ko a gasa sifirin da wuta, domin zafi yana kashe ƙarfin ƙarfen.

Cinyewar taya kuwa daga karkacewar ƙafafun take. Shafa tafin hannunka a gefen ciki, za ka ji ya yi sumul alhali na waje da sauran zane. Sai an sake daidaita ƙafafun a gareji mai na'ura.

Ni da zan bi lungunan Birni ko hanyar Tanut, zan mayar mata da santimita 2 na tsayinta, saboda kada kaskon baƙin man da ke ƙarƙashin injin ya bugi ƙasa.