Kar ka sako Nido ɗin nan a akwatinka

Ƙanena, na ga saƙonka tun jiya, aikin dare na yi shi ya sa ban amsa ba. Ka ce bizar Jamus ta fito, Hajiya ta sayo maka manyan gwangwanayen Nido uku da man shanu da kilishi, wai ka ajiye saboda ko-ta-kwana tunda kullum ana ta maganar yaƙi a Turai, kana tambaya ko za su isa. Za su isa mana, su isa kwandon sharar filin jirgi.

Dokar Tarayyar Turai ce ba ta Jamus kaɗai ba, matafiyi daga irin ƙasashenmu ba ya shigowa da nama ko madara ko abin da aka yi da su. Madarar jarirai aka ɗaga wa ƙafa, ita ma kar ta wuce kilo 2. Ni ranar da na sauka ina tsaye ina kallo wani jami'i da safar hannu ya ɗaga ledar kilishin da gwaggona ta yi min da yatsa biyu kamar ya ɗauko mushe, ya jefa, ya bi da kwalbar man shanun, wallahi har yau in na tuna sai na ji abin a wuyana, kuma babu wanda ya gaya min daga gida, kowa dai Allah ya kiyaye hanya.

Amma tunanin Hajiya daidai ne, ajiya dole ce, a nan za ka saya kawai. In ka shiga manyan kantuna irin su Aldi ko Lidl ka wuce madarar cikin firji, nemi wadda aka jibge a kwali an rubuta H-Milch, lita ɗaya kusan yuro ɗaya. An dafa ta ne a zafin digiri 135 na 'yan daƙiƙoƙi aka rufe, shi ya sa take wata da watanni ba firji. Da ka buɗe kuma labari ya canza, sai firji, ka shanye cikin kwana uku zuwa huɗu. Kuma kar ka ce za ka bar ta ta kwana ta zama kindirmo irin na gida, ba ta yin tsami, ɗaci take yi, ido ba zai nuna maka ta lalace ba sai cikinka ya gaya maka. Ni na gwada saboda kwaɗayin fura, kwana biyu ban je lakca ba. Kar kuma ka jera kwalayen jikin hita, ƙarƙashin gado ya fi, masu tsohon kwanan wata a gaba, kana sha kana mayarwa.

Madarar gari Jamusawa ba su damu da ita ba sam, Nido sai shagon 'yan Afirka ko na Larabawa da Turkawa, da tsada. Gwangwani ɗaya ya ishe ka. Mai maiƙon ta fi saurin canza wari in an buɗe, busasshen cokali kawai, ka danne murfin sosai. Kuma garin ba shi da amfani in babu ruwa. Hukumar kare fararen hula ta nan tana ba da shawarar kowa ya ajiye abincin kwana 10 da ruwa lita 2 a kullum, da na fara ji dariya na yi, na ce mu da muka tashi da NEPA za a koya wa ɗauke wuta? Sai ambaliyar kwarin kogin Ahr da ke nan Jamus ta Yulin 2021, mutum sama da 130 suka rasu, garuruwa ba wuta ba ruwan famfo. Bambancin shi ne a gida akwai gawayi akwai mai ruwa akwai mai shayi a bakin layi, nan murhun ɗakinka na lantarki ne, wuta ta tafi ko ruwan zafi babu. Shi ya sa garin kwaki da sukari da gyaɗa ba sa yankewa a ɗakina, in ga madara an gama.

Ba ma sai an yi bala'i ba. Ranar Lahadi manyan kantuna a rufe suke, haka Ista da Kirsimeti, kuma ba mai kantin da za ka ce rubuta min zuwa ƙarshen wata. A Maris ɗin 2020 lokacin korona na ga kantar madara da taliya da fulawa wayam. Sannan ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai cikin hunturu babu wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa da kwanon kunu, abin da ke ƙarƙashin gadon nan shi ne naka. Da shi na yi digirina har na gama ban taɓa roƙon kowa ba.

Ka ce wa Hajiya ina gaisuwa, ta bar wa yara Nido ɗin, kilishin kuma ku cinye kafin ka taso. Gurbin da ya rage a akwatin ka cika min da kuka da yaji, nawa sun ƙare tun azumi.