Birkin gaba: dama ko hagu?

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce keken hawan dutse da ka sayo a gwanjo, mai birkin mai da faifai, ya kusa kifar da kai, don ka damƙe hannun hagu da nufin tsayar da tayar baya, ashe ta gaba ka kama. Kana tambaya ko mai haɗawa ne ya yi kuskure, tunda Raleigh ɗin kakanka ba haka yake ba.

Babu kuskure, al'adar ƙasa ce. Kekunan da muka tashi da su daga Nottingham ta Ingila aka kawo su, kuma can birkin gaba a dama yake. Amurka da yawancin Turai kuwa a hagu suke sa shi. Dalilin da aka fi faɗa shi ne, a Ingila hannun hagu na titi ake bi, mai keke zai miƙa dama ya nuna zai tsallaka, hagunsa na kan birkin baya. Mu ma a Najeriya hagu muke bi har 1972 da aka koma dama, amma hannayenmu ba su sauya ba.

A zamaninmu wannan bai dami kowa ba. Birkin sandar ƙarfe ne, ka matse iya ƙarfinka sai ya ga dama, in damina ta yi kuwa sai ka haɗa da takalmi. Naka mai ne ke tura fistin, wasu har huɗu, su danne faifai. Yatsa ɗaya ya isa. Shi ya sa ka ji a jikinka.

Tunda kana hawa babur, shi kuma birkin gabansa a dama yake, ni dai da ni ne sai in sa a juya. Amma ka nemi wanda ya san aikin, don in aka kwance tiyo iska na shiga, dole a fitar da ita. Ka kuma karanta murfin ma'ajiyar man birkin: birkunan kamfanonin Shimano da Magura man ma'adinai suke sha, yawancin tsofaffin na kamfanin SRAM kuwa man DOT irin na birkin mota. Ka zuba wani a madadin wani, robobin ciki su lalace.

Na san ka ga kakanka yana shafe kekensa da baƙin mai. Kaca kaɗai za ka sa wa. Ko ɗigo ya taɓa faifan nan, sai ƙara, birki ya tafi.

Ka gai da mahaifiyarka.

Kawunka.