Matar da al'adarta ta ɗauke kafin arba'in

Ɗana, ka tambaye ni abin da za ka haɗa wa mace 'yar shekara 32 da al'adarta ta ɗauke wata biyar, tana gumin dare, gabanta ya bushe, ga shi tana neman haihuwa.

Kada hannunka ya rigayi bakinka. Tambaye ta: tana shayarwa? Tana allurar tazarar haihuwa? Ta zubar da jini sosai a haihuwar baya? An taɓa yi mata aiki a mara, ko maganin ciwon daji? Sannan gwajin ciki, domin jiƙon sauko da jini yana iya ɓarar da ciki. Kada ka sallame ta da cewa sanyi ne ko kwantaccen ciki. Da irin wannan magana mata ke ɓata shekaru.

In babu ciki, ta je asibiti a auna mata sinadarin FSH (mai sa ƙwan mace ya nuna), da na nono, da na maƙoƙo. FSH da ya haura 25 a wannan shekarun alama ce ma'ajiyar ƙwai ta gaza da wuri. Mace da ƙwanta ake haihuwarta, kuma babu saiwa ko sassaƙen da ke mayar da wanda ya ƙare. Kamar 5 zuwa 10 cikin 100 sukan samu ciki haka nan, don ma'ajiyar kan farka jefi-jefi. A nan wasunmu masu maganin gargajiya ke cewa maganinsu ne ya yi aiki. Kada ka ci kuɗinta da wannan alkawari.

Babban abin tsoro ƙashi ne da zuciya. In sinadarin istirojin, wanda ma'ajiyar ƙwai ke samarwa, ya yi ƙasa, ƙashi yakan zaizaye a ɓoye, shi ya sa likita ke mayar mata da sinadarin har wajen shekara 50. Kada ka ce ta daina.

Namu taimako ne. Hulba cokalin shayi ɗaya, a jiƙa a kofin ruwa ta kwana, a tace a sha da safe. Wasu kan ji sauƙin zafin jiki. Tana saukar da suga, don haka ka kula da mai shan maganin suga, kuma a bar ta da zarar an yi zargin ciki. Saboda ƙashi, ta yawaita zogale, miyar kuka, riɗi, nono da awara, ta riƙa shan hantsi.

Kanwa da matsi kuwa, ka hana ta. Fatar gaban da ta bushe ta riga ta yi siriri, garin magani yana ƙona ta ya bar tabo.