Lambar wasan da ke zuwa da kayan kwamfuta: tana sayuwa kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da haɗa bidiyon biki a wani ƙauye kusa da Ringim. Yayana da ke karatu a Ingila ya aiko mini da sabon katin hoto (graphics card, kayan da ke sarrafa hoto da bidiyo a kwamfuta) na kamfanin Nvidia in sa a kwamfutata, ya kuma turo wata lamba da shagon ya ba shi, wai kyautar wasan kwamfuta ce. Ni ba na wasa, wutar solar ma da ƙyar take isar aikina. Wani yaro mai gidan gem a Dutse ya ce zai saya. Zan iya sayar masa kamar yadda ake sayar da katin waya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya wa kasuwa albarka. Kada ka karɓi ko kwabo daga yaron nan tukuna, domin wannan lamba ba irin ta katin waya ba ce da kowa zai loda ta shiga.

A da can haka take. Mutum ya sayi katin hoto, a ba shi lamba, ya sayar wa wanda ya ga dama. Da cinikin ya yi yawa sai kamfanonin suka toshe ƙofar. Tun 2017 Nvidia ta ɗaure kyautar da kayan da aka saya: sai ka shigar da lambar a manhajar kamfanin, wadda a da ake kira GeForce Experience, yanzu kuma NVIDIA App, ita kuma ta leƙa cikin kwamfutar ta tabbatar katin da ya cancanci kyautar yana ciki. In babu shi, lambar ba za ta buɗu ba. AMD, wadda ita ma ke ƙera katin hoto, tana da ƙaramar manhajar da ke irin wannan bincike kafin ta saki wasa. Bayan an wuce wannan mataki, wasan yakan manne da asusun mutum na Steam (shagon wasannin kwamfuta a intanet) ko makamancinsa, kuma ba ya ciruwa daga nan. Ke nan ko yaron ya biya ka, lambar a hannunsa kamar makulli ne na ɗakin da ke wani gari.

Akwai kuma wa'adi, domin kowace irin wannan garaɓasa tana da ranar ƙarewa, kuma sau da yawa ana taƙaita ta ga yankin da aka yi sayayyar. Ka ce yayanka ya buɗe saƙon da shagon ya aiko masa ya karanto maka ranar da jerin ƙasashen. Mai yiwuwa ma lokacin ya wuce katin yana hanya.

Na san dabarar da samari ke yi, kuma ita ce ta fi damuna. Ko dai mai saye ya ba ka sunan asusunsa da kalmar sirrinsa ka shiga a kwamfutarka ka ɗaura masa wasan, ko kai ka buɗe sabon asusu ka loda wasan sannan ka sayar da asusun ɗungurungum. Ta farko ta sa amanar asusun wani a wuyanka. In gobe aka yi masa kutse, ko da daga wata ƙasa ne, sunanka zai fara kira. Ta biyu kuwa dokar Steam ta hana sayar da asusu, za a iya rufe shi, kuɗin yaron ya tafi a banza. Su ma sharuɗɗan kyautar yawanci sun rubuta ƙarara cewa ba ta sayarwa ba ce. Kai mai shago ne a gari ƙarami, inda kowa ya san gidan kowa. 'Yan dubban da za ka samu ba su kai zaman sulhu a ƙofar mai unguwa ba.

Sannan ka tambayi yaron da wace na'ura yake aiki. Galibin gidajen gem da na sani a Kano da Jigawa PlayStation suke kunnawa ana buga ƙwallo, lambarka kuwa ta kwamfuta ce, ba za ta shiga PlayStation ba ko kaɗan. In ma kwamfuta gare shi, ya lissafa data. Starfield, wanda AMD ta raba kyauta da kayanta a 2023, yana neman gurbin giga 125. A inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, sauke irin wannan aikin kwanaki ne.

Shawarata, in lambar tana da rai, ka buɗe asusun Steam da imel ɗinka ka ɗaura wasan. Ba sai ka sauke shi yanzu ba, zai zauna a asusun ya jira ƙannenka ko 'ya'yanka.

Tambaya: Malam, a wani zauren WhatsApp ana tallar lambobin wasa a ƙasa da rabin kuɗinsu. In saya? Daga Bichi.

Amsa: A'a. Lamba sau ɗaya take aiki, kuma hoton lamba ba ya nuna an ci ta ko ba a ci ba. Wasu ma da katin banki na sata aka saye su. In mai katin ya kai ƙara, kamfanin wasan na iya janye wasan daga asusunka bayan ka riga ka biya.

Tambaya: Na sayi laftof tokumbo a Beirut Road, a jikin kwalin an rubuta kyautar Xbox Game Pass, wato tsarin Microsoft na biyan kuɗi wata-wata don yin wasanni. Yaya zan karɓa? Daga Rano.

Amsa: Wannan kyauta tana ɗaure da na'urar, ta mai saye na farko ce, kuma tana da wa'adi daga ranar da aka fara kunna Windows. Haɗa laftof ɗin da intanet, ka shiga Microsoft Store da asusunka na Microsoft, ka duba ɓangaren abubuwan da suka zo da na'urar. In ba ka gan ta a can ba, mai shi na farko ya riga ya ci, ko lokacinta ya ƙare. In ka gan ta kuma aka nemi katin banki, ka kashe sabuntawa ta atomatik tun ranar, don kada a fara cirar kuɗinka idan watannin kyautar suka cika.