Shirin da ka ɗauka daga talabijin ya ƙi shiga manhajar tacewa? Kada ka yi saurin zaro kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi hira da mahaifina a talabijin kan sana'arsa ta dukanci, na ɗauki shirin da risiba a filash. Fayil ɗin ya fito da .ts a ƙarshen sunansa. VLC yana buɗe shi lafiya, amma manhajar da nake tace bidiyo da ita ta ƙi karɓarsa. Wani mai shago ya ce sai na sayi manhajar juya bidiyo ta kuɗi. In saya? Daga wani ɗan'uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kada ka saya. Manhajojin kyauta suna yin wannan aikin sarai, kuma da yawa daga cikin na kuɗin, injin kyautar nan da ake kira FFmpeg ne ke aiki a cikinsu.

Shi .ts ba don tacewa aka yi shi ba. An tsara shi ne don watsa shiri ta iska, yadda ko sigina ta ɗan yanke hoto zai ci gaba. Risiba kuwa abin da ya sauko mata shi take zubawa a filash. Ka ɗauki .ts a matsayin buhu, hoto da sauti su ne hatsin da ke ciki. Sau da yawa buhun kawai manhajarka ta ƙi, hatsin lafiyarsa ƙalau.

Don haka ka fara leƙa ciki. Buɗe fayil ɗin a VLC, ka danna Ctrl da J tare, zai nuna maka nau'in hoton. In ka ga H.264, ka huta. Sauko da Shutter Encoder, ka zaɓi Rewrap zuwa MP4, wato sauya buhun kawai, ko ka yi amfani da LosslessCut. Ba za a taɓa hoton ba, saboda haka ingancinsa ba zai ragu ko kaɗan ba, kuma shirin awa guda yakan gama cikin 'yan mintuna. In hoto ya shiga amma babu murya, sautin MP2 ne ko AC3. Shi kaɗai za ka juya zuwa AAC ko WAV.

In kuwa MPEG-2 ka gani, ko ka sauya buhun amma bakin Baba da muryarsa suna saɓawa, sai an sake matse bidiyon. Wannan saɓanin yakan faru ne idan hadari ko iska ta taɓa sigina lokacin ɗauka, wasu hotuna suka zube a hanya. Nan HandBrake zai yi maka amfani, shi ma kyauta ne. Ka bar gudun hoto a 25 cikin daƙiƙa, yadda tashoshinmu ke watsawa, ka zaɓi Constant Framerate. Kada ka mayar da shi 30 don ka ga haka wayarka ke ɗauka, motsin zai riƙa tangal-tangal. Ka kunna Deinterlace domin kawar da zane-zanen nan masu kama da haƙoran mataji da ke fitowa a gefen hannu idan ya motsa. A hirar da za a nuna badukun yana ɗinki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lambar inganci ta RF ka sa ta wajen 18.

Abin da na fi so ka riƙe: kada ka goge .ts ɗin na asali. Ka ajiye shi wuri biyu. Kowace matsewa tana rage wani abu, kuma hirar mahaifi ba a sake ta.

Tambaya: Ina harhaɗa shirye-shiryen girki da ake yi da ni a wata tasha. Bidiyon yana shiga manhajar, amma kwamfutar sai ta riƙa sanƙarewa in ina yanka. Kuma shirin yakan rabu gida biyu ko uku. Sabuwar kwamfuta zan saya? Daga wata 'yar'uwa a Maradi.

Amsa: Hajiya, dakata tukuna. Bidiyon talabijin yana ajiye cikakken hoto ɗaya ne lokaci-lokaci, waɗanda ke biye da shi kuwa bambancinsu kawai ake adanawa. Duk inda kika sa almakashi, sai kwamfuta ta koma baya ta lissafo hoton. Wannan lissafin ne ke gajiyar da ita. Ki juya shirin zuwa ProRes ko DNxHD da Shutter Encoder, inda kowane hoto ke tsaye da ƙafarsa, za ki ga tsohuwar kwamfutar ta saki jiki.

Sai dai suna cin wuri. Awa guda ta ProRes 422 a girman 1080 takan kai wajen gigabait 55, ProRes LT kuma wajen 38, wanda a ganina ya ishe ki. Kuɗin nan ki sa su a faifan ajiya na waje, SSD in da hali, kuma ki gwada shi a gaban mai shago kafin ki biya, domin akwai na jabu masu nuna girman ƙarya.

Rabuwar shirin gida biyu ko uku kuwa, daga filash ɗin matsalar take. Tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4. Ki haɗe guntayen da LosslessCut ko Avidemux kafin juyawa, in kuma risibarki tana karanta tsarin NTFS ki mayar da filash ɗin zuwa wannan tsarin.

Tambaya: Zan iya ciro abin da na ɗauka a DStv Explora zuwa kwamfuta?

Amsa: A'a, Malam. A kulle yake, dikodar ce kaɗai ke buɗe shi, kuma duk wanda ya ce zai sayar maka da manhajar ciro shi, riƙe kuɗinka. In da kai aka yi shirin, ka nemi kwafi wurin furodusan tashar, nasu ya fi tsabta. Ka tambaye su izini a lokacin in kana da niyyar ɗora shi a YouTube ko Facebook, tunda haƙƙin mallakar shirin nasu ne.